Motocin Dizal na Zamani: Na'urorin Tace Hayaƙi, Ruwan AdBlue da Taruwar Kunkunniya a Inji

Gabatarwa

Mafi yawan ƙananan motocin da ke zirga-zirga a ƙasar Zugu da sauran sassan ƙananan hukumomin Bukkuyum, Anka da Gummi masu shan fetur ne. Amma manyan ayyukan da rayuwar karkara ta dogara a kansu injin dizal ne ke ɗauke da su, kamar motocin dakon hatsi da dabbobi, tifofin yashi, taraktocin noma, tankokin ruwa, janaretocin asibiti da na sakatariya, da kuma wasu daga cikin motocin ɗaukar marasa lafiya. Man da waɗannan injuna ke sha shi ne dizal, wanda jama'a suka fi sani da man gas.

Da yawa daga cikin motocin nan na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 nasu Afirka suka nufo. Motocin da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan suna zuwa da wasu na'urori waɗanda babu su a tsofaffin motoci irin su Mercedes 911. An ƙera na'urorin ne bisa sharaɗin za su samu tsabtataccen mai, da ruwan ƙari na ainihi, da doguwar tafiya wadda inji zai yi zafi sosai. Inda aka rasa waɗannan abubuwa uku, na'urorin kan toshe, mota ta rasa ƙarfi, wani lokaci ma ta ƙi tashi. Wannan bayani ya ƙunshi yadda suke aiki, da abin da ke lalata su, da kuma matakan da suka kamata masu motoci da jami'an ƙananan hukumomi su ɗauka.

Abin da ke Cikin Hayaƙin Dizal

Injin dizal ya samo sunansa daga injiniyan nan Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda ya kammala injinsa mai aiki a shekarar 1897. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba ya buƙatar fulogi mai tartsatsi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da ya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, sannan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da wuta da kansa.

Wannan ƙonuwa tana barin abubuwa biyu masu illa. Na farko shi ne kunkunniya, wato irin baƙin da hayaƙi ke bari a rufin ɗakin girki, wadda kanikawa ke kira kabon. Tana samuwa ne idan mai bai ƙone sarai ba. Na biyu kuwa wata iska ce mai guba da ke samuwa idan naitirojin ya haɗu da iskar oksijin cikin tsananin zafi, ana rubuta ta da NOx. Ita ba a ganin ta sosai da ido, amma tana fusata huhu, tana kuma tsananta cutar asma. Wahalar da ke tattare da al'amarin ita ce, idan aka ƙara zafin ƙonuwa kunkunniya takan ragu amma NOx ta ƙaru, idan kuma aka rage zafin sai NOx ta ragu kunkunniya ta ƙaru. Shi ya sa na'ura ɗaya ba ta isa ta magance duka biyun ba.

A watan Yunin 2012, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar dajin huhu. Al'ummar wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan illar ƙurar da ido ba ya gani, domin kuwa a shekarar 2010 gubar dalma da ta fito daga niƙan duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Babu dalma a cikin man dizal, kuma illar hayaƙinsa a hankali take bayyana, amma darasin ɗaya ne: abin da ake shaƙa kullum yana taruwa a jiki.

Dokokin da Suka Kawo Na'urorin

Ƙasashen Turai sun fara aiki da ƙa'idar hayaƙin mota mai suna Euro 1 a shekarar 1992, suka riƙa tsananta ta mataki-mataki: Euro 4 a 2005, Euro 5 a 2009, sai Euro 6 a 2014. Daga Euro 5 ne ya zama da wuya ƙaramar motar dizal ta cika sharaɗi ba tare da matatar kunkunniya ba, daga Euro 6 kuma yawancinsu suka koma amfani da ruwan AdBlue. Manyan motocin dakon kaya sun riga ƙanana fara amfani da wannan ruwa, tun wajajen 2005.

Ƙasashen ba sa wasa da waɗannan dokoki. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocinsa na dizal wata manhaja da ke rage hayaƙi a lokacin gwaji kawai. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11 a duniya, ya kuma biya tarar biliyoyin daloli. A nan gida, an kafa hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli a 2007, kuma a 2011 aka fitar da ƙa'idojin taƙaita hayaƙin motocin fetur da na dizal.

Na'urori Uku da Aikin Kowace

1. Bawul mai mayar da hayaƙi, wato EGR. Yana ɗibar wani kaso na hayaƙin da ya fito ya mayar da shi cikin inji, domin a rage zafin ƙonuwa, NOx ta ragu. Illarsa ita ce hayaƙin yana tafe da kunkunniya, kuma idan ta haɗu da tururin baƙin mai a bututun shigar iska sai ta zama wani abu mai danƙo kamar kwalta. A hankali yakan ƙuntata bututun, ya kuma hana bawul ɗin buɗewa ko rufewa yadda ya kamata. Nan ne tushen mafi yawan taruwar kabon a injunan dizal na zamani.

2. Matatar kunkunniya, wato DPF. Tana jikin salansa, cikinta tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, kuma tana kama fiye da kashi 90 cikin 100 na kunkunniyar da ke cikin hayaƙi. Da yake kowace matata tana cika, an tsara motar ta riƙa ƙone abin da ya taru. Kwamfutar mota takan ƙara fesa mai domin zafin salansa ya kai kimanin digiri 600. Hakan kan faru duk bayan tafiyar kilomita 'yan ɗaruruwa, yana kuma ɗaukar minti 10 zuwa 25. Idan ana yawan kashe mota kafin aikin ya kammala, matatar takan toshe, kuma ragowar dizal ɗin ya gangara ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi.

3. Na'urar SCR mai amfani da ruwan AdBlue. Ana fesa ruwan cikin hayaƙi mai zafi a salansa, ya rikiɗe ya zama amoniya, ita kuma ta haɗu da NOx ta mayar da ita naitirojin da tururin ruwa, waɗanda ba su da illa.

Ruwan Ƙari Iri Biyu

Ana yawan rikita ruwan ƙari iri biyu, alhali kowanne da tankinsa da aikinsa.

Na farko shi ne wanda kamfanin Peugeot ya fara sanyawa a motarsa ƙirar 607 a shekarar 2000, mai suna Eolys. Yana cikin wani ɗan ƙaramin tanki kusa da tankin mai, kuma motar ce da kanta ke ɗiga kaɗan daga cikinsa a cikin dizal duk lokacin da aka sha mai. Aikinsa shi ne sa kunkunniya ta ƙone a kimanin digiri 450 maimakon 600. Ana samun wannan tsari a motocin dizal na Peugeot da Citroën, da wasu na Ford da Volvo. Yakan kai tafiyar kilomita 80,000 zuwa 120,000 kafin ya ƙare, wanda ke nufin motar da aka sayo ta hannu tana iya isowa tankinta ya kusa ƙafewa. Bakanike mai kwamfutar gwaji ne ke cika shi, domin sai an sanar da kwamfutar mota cewa an cika.

Na biyu shi ne AdBlue, wanda a Amurka ake kira DEF. Haɗi ne na tsantsar yuriya kashi 32.5 da tataccen ruwa kashi 67.5, bisa ƙa'idar duniya mai lamba ISO 22241. Ruwan garau yake ba launi, murfin tankinsa ne shuɗi. Ba ya kama wuta, kuma ba a taɓa zuba shi a tankin mai. Babbar mota takan sha lita 4 zuwa 6 na AdBlue a kowace lita 100 ta dizal, ƙaramar mota kuwa kimanin lita 1 zuwa 2 a tafiyar kilomita 1,000. A ƙananan motocin Euro 6, fitilar gargaɗi takan kama tun saura tafiyar kimanin kilomita 2,400. Idan aka yi biris har ruwan ya ƙare, to da zarar an kashe inji ba zai sake tashi ba sai an zuba. Manyan motoci kuma sukan rage ƙarfinsu da gudunsu. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara su.

Zafi yana lalata AdBlue. Ana son a ajiye shi a inuwa, inda zafi bai wuce digiri 30 ba, kuma ko a haka bai kamata ya wuce kimanin shekara guda ba. A ƙasarmu, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, jarkar da aka bari a rana ko a bayan mota takan rasa ingancinta cikin 'yan watanni. Haka kuma ruwan yana cin tagulla da baƙin ƙarfe, saboda haka a bar shi a cikin robarsa ta asali, kada a juye shi a jarkar mai ko ta kananzir, kada kuma a yi amfani da mazurarin da aka zuba mai da shi.

Takin Yuriya Ba AdBlue Ba Ne

Kowane manomi ya san takin yuriya, kuma ana sarrafa shi a nan Nijeriya, a masana'antun Indorama da ke Eleme, da Notore da ke Onne, da Dangote da ke Lekki. Don haka mai mota zai iya ganin cewa tunda sinadarin ɗaya ne, sai ya jiƙa taki da ruwan rijiya ya huta da saye. Wannan arha ce wadda ba ta ado. Takin gona yana ɗauke da wasu sinadarai da ake sanya masa don kada ya dunƙule a buhu, ruwan rijiya da na fanfon burtsatse kuma suna ɗauke da gishiri da ƙasa. Waɗannan abubuwa suna toshe ɗan bakin da ke fesa ruwan, suna kuma kashe na'urar SCR, wadda kuɗin sauya ta ya ninka kuɗin ruwan sau da yawa. Motocin baya-bayan nan ma suna da na'urar auna ingancin ruwan, da sun ji an sirka sai su rage ƙarfi. Ƙara wa AdBlue ruwan leda don ya yi auki shi ma haka yake.

Idan kuma aka yi kuskure aka zuba AdBlue a tankin mai, kada a kunna mota, ko makulli kada a murɗa. A tsiyaye tankin a wanke shi tukuna, domin idan ruwan ya shiga fanfon mai da nozul ɓarnar tana da yawa.

Farar Wuta a Cikin Mai

Babban maƙiyin waɗannan na'urori shi ne sinadarin farar wuta da ke cikin ɗanyen mai. Idan ya ƙone yana ƙara yawan kunkunniya, yana zama ruwa mai cin ƙarfe a cikin EGR, yana saurin lalata baƙin mai, yana kuma dakushe na'urorin salansa. Tun shekarar 2009 Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kashi 10 cikin miliyan a man dizal. A Nijeriya kuwa, ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita ta yarda da har kashi 3,000 cikin miliyan, wato ninki 300 na abin da aka ƙera motocin Turai su sha.

A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna yadda 'yan kasuwar mai na Turai ke haɗa mai mai yawan farar wuta musamman domin Afirka ta Yamma. A Disambar wannan shekara, a Abuja, ƙasashen Nijeriya, Benin, Togo, Gana da Kwaddebuwa suka amince da rage shi zuwa kashi 50 cikin miliyan. A Fabrairun 2020 ministocin ƙungiyar ECOWAS suka amince da wannan mizani a taronsu na Wagadugu. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa hukumar NMDPRA mai kula da ingancin man da ake sayarwa, sannan a 2024 matatar Dangote ta fara fitar da dizal ga kasuwar cikin gida.

Duk da wannan ci gaba, abin da doka ta tanada daban, abin da ke cikin jarkar bakin hanya daban. Tun da farashin dizal ya ninka fiye da sau biyu a shekarar 2022, kwaɗayin sirka shi ya ƙaru. Man da aka saya a hannun 'yan bumburutu babu mai iya tabbatar da asalinsa, yana iya zuwa da ruwa, ko ƙasa, ko a haɗa shi da wani mai. Nozul na injin zamani yana aiki ne da matsi mai tsananin ƙarfi ta ramukan da ba su wuce kaurin gashi ba, ƙwayar yashi ko ɗigon ruwa ya isa ya ɓata feshinsa, kuma nozul da ya ɓaci shi ne ke cika inji da kabon.

Sauran Abubuwan da ke Hanzarta Taruwar Kabon

Ƙura: Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu da ƙurar hanyoyin burji suna toshe matatar iska. Inji da bai samu isasshiyar iska ba dole ya yi baƙin hayaƙi.

Barin inji yana aiki mota tana tsaye: Wannan ɗabi'a ce da ta yawaita a tasha, da kuma wajen direbobin ofis masu jiran maigida da na'urar sanyi a kunne. Inji ba ya yin zafin da zai ƙone kunkunniya, sai dai ya tara.

Gajeriyar tafiya: Motar da aikinta bai wuce daga gida zuwa sakatariya ba, ba ta samun damar tsabtace matatarta.

Baƙin man da bai dace ba: Kunkunniya tana ƙonewa, amma tokar baƙin mai ba ta ƙonewa, tana nan a matata har sai an ciro an wanke. Mota mai DPF tana buƙatar baƙin mai mai ƙarancin toka, wanda a jikin galan ɗinsa za a ga alamar ACEA C ko API CJ-4 ko CK-4, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa.

Janareta mai girma da ƙaramin aiki: Idan janaretan dizal ya daɗe yana ɗauke da abin da bai kai kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba, sai a ga baƙin ruwa mai maiƙo yana tsiyaya daga salansa. Alama ce ta man da bai ƙone ba.

Alamomin da Za a Lura da Su

Mota ta rasa ƙarfi a hawa ko ta ƙi wuce wani gudu. Shan mai ya ƙaru. Inji yana karkarwa idan tana tsaye. Fitilar inji ko ta matata ta kama. Baƙin mai ya ƙaru a kan sandar awo maimakon ya ragu, yana kuma warin gas. Ko farin gishiri ya taru a bakin tankin AdBlue ko a jikin salansa. Launin hayaƙi ma yana magana. Baƙi yana nuna yawan mai ko ƙarancin iska, shuɗi yana nuna inji yana ƙona baƙin mai, fari mai ɗorewa bayan inji ya yi zafi kuma yana nuna man da bai kama ba ko ruwan lagireto da ke shiga inji. Mota mai lafiyayyar DPF bai kamata a ga baƙin hayaƙi a bayanta ba sam. Idan an gani, to matatar ta fashe ko an cire ta.

Batun Cire Na'urorin

Wasu kanikawa sukan ba da shawarar a toshe EGR, a farfasa cikin matata, a kuma sauya wa kwamfuta lissafi don ta daina neman AdBlue. Mai mota ya sani cewa yin haka yana mayar da dukkan hayaƙin da aka tare zuwa hancin direba, da yaran mota, da masu talla a tasha, da majinyacin da ke kwance a bayan motar asibiti. Aikin da ba a yi da ƙwarewa ba kuma yakan bar kwamfuta tana ci gaba da fesa ƙarin mai, ya ƙare a cikin baƙin mai. Bugu da ƙari, saƙar da ke cikin salansa, wadda a garejojin ƙasar nan ake yi wa laƙabi da Indomie, tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, kuma tana da masu saye. Saboda haka ba kowace shawarar cirewa ce aka bayar don amfanin mai mota ba.

Shawarwari ga Direbobi da Masu Motoci

1. A sha mai a gidan mai sananne. Idan tilas ta sa an sayi na jarka, a bar shi ya kwanta, a tace, kada a juye na ƙasan.
2. A riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin matatar mai, a kuma sauya matatar iska da wuri a lokacin hunturu.
3. Idan fitilar matata ta kama, a yi tafiyar kimanin minti 20 ba tsayawa, da gudun da ya haura kilomita 60 a awa, da rana, a kan kwalta mai kyau da aminci. Idan ba ta mutu ba a nufi gareji mai kwamfutar gwaji.
4. Kada a ajiye mota a kan busasshiyar ciyawa ko kusa da tarin kara da harawa bayan doguwar tafiya, domin zafin salansa yana iya ta da gobara.
5. A ajiye galan guda na AdBlue wanda ba a buɗe ba kafin doguwar tafiya, a kuma duba ranar da aka yi shi.

Shawarwari ga Jami'an Ƙananan Hukumomi

Kafin a sayi mota ko tarakta ko janareta, ko a karɓi gudummawarsu, sashen ayyuka ya tambaya a rubuce ko tana da DPF, ko tana shan AdBlue ko Eolys, da irin baƙin man da take buƙata. A bincika inda za a samu ruwan da kayan gyaranta, domin galibi sai an nema daga manyan birane kamar Gusau, Sakkwato, Kaduna ko Kano. Kamfanoni da dama suna ƙera nau'in motocinsu musamman don ƙasashen da mansu ke da yawan farar wuta, kuma irin waɗannan sun fi dacewa da aikin karkara. A sanya kuɗin ruwan ƙari da matatu cikin kasafin kula da motoci, a buɗe wa kowace mota littafin da za a riƙa rubuta kilomita da ranar juye, a kuma duba salansa kafin mota ta shiga gareji da bayan ta fito. Motar asibiti ita ce ta fi cancantar wannan kulawa, domin tsayawarta a daji tsakanin Bukkuyum da Anka ko a hanyar Daki Takwas, da majinyaci a ciki, a wannan lokaci na matsalar tsaro, ba ƙaramin haɗari ba ne.

Kammalawa

Motar dizal ta zamani tana da ƙarfi da tattalin mai, amma ba ta jure abin da tsofaffin injuna suka jure. Wanda ya san abin da ke jikin motarsa, ya ba ta mai mai kyau da ruwan ƙari na ainihi, ya kuma bar ta ta yi zafi a kan hanya, zai daɗe yana cin moriyarta. Ana kira ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa, da masu riƙe da sarautun gargajiya, da su taimaka wajen isar da wannan bayani ga jama'arsu, domin rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.